Filin Tambaya da Amsa: Masu Auna Takun Injinan Cikin Jiki

A wannan fitowa mun ware wasiƙu huɗu da suka taɓo al'amari guda, wato ƙananan injinan da ke aiki a cikin ƙwayoyin halittar jiki da kuma masanan da suka mayar da bincikensu sana'a.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a aji uku na jami'a, ina karanta fiziks. Kwanakin baya an turo wani bidiyo a zauren WhatsApp na ajinmu, wanda ya nuna wani abu mai ƙafa biyu yana tafiya a kan igiya yana jan wani ƙaton ƙunshi. An ce wai a cikin jikin mutum hakan ke faruwa, kuma wai masana fiziks ne suka auna tafiyar tasa. Shin gaskiya ne, ko zanen kwamfuta ne kawai? In gaskiya ne, mene ne aikin irin waɗannan masana, kuma wadda rabonta da bayoloji tun sakandare za ta iya shiga wannan fage? Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Abin da kika gani zane ne na kwamfuta, amma abin da aka zana ɗin yana nan, sunansa kainesin, kuma furotin ne mai kawuna biyu da yake takawa da su ɗaya bayan ɗaya. Inda zanen ya kauce wa gaskiya shi ne nutsuwar da ya ba tafiyar. Kainesin na ainihi yana yin taku kusan 100 a cikin sakan ɗaya, a cikin wuri mai cunkoso, ƙwayoyin ruwa suna bugunsa ta kowace fuska ba ƙaƙƙautawa.

Dalilin da jiki yake bukatarsa lissafi ne da za ki iya yi da kanki. Ƙwayar jijiya guda tana iya farawa daga ƙasan laka ta miƙa reshe ɗaya har babban yatsan ƙafa, tsawon da yake kaiwa mita ɗaya, alhali mafi yawan kayan da wannan reshe yake bukata a gindin ƙwayar ake ƙera su. Kin san cewa abin da aka bari ya watsu da kansa cikin ruwa, idan nisan ya ninka sau goma, lokacin sau ɗari yake ninkawa. Furotin yana ƙetare ƙwayar halitta mai faɗin maikuromita 10 (maikuromita kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita) cikin 'yan sakanni, amma da za a bar shi ya ƙetare mita ɗaya ta wannan hanya, sai ya shafe fiye da shekara 1,000. Da taimakon injinan, kaya suna isa cikin kwanaki. Saboda haka kainesin ɗan dako ne: ana ɗora masa ƙunshin furotin ko maitokondiriya (sassan ƙwaya masu samar da makamashi), ya bi wani siririn bututu mai suna maikurotubul, mai kaurin nanomita 25 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), daga tsakiyar ƙwaya zuwa bakinta. Wani injin mai suna dainin shi ke dawo da kaya ta kan wannan hanya zuwa tsakiya. Na ukunsu, mayosin, yana bin wani zare dabam mai suna aktin, kuma shi ne yake tsuke tsokar hannunki da ta zuciyarki. Dukkansu da sinadari ɗaya suke aiki, wato ATP, wanda suke fasawa su samu makamashi.

Mayosin shi ne tsoho a ilimi. Bajamushe Wilhelm Kühne ya raɗa masa suna a 1864, a 1939 kuma Vladimir Engelhardt da Militsa Lyubimova suka nuna a Mosko cewa yana fasa ATP. Ian Gibbons ya bayyana dainin a 1965. Kainesin kuwa sai a 1985 aka gano shi, kuma labarin gano shi ya dace da tambayarki, domin ɗalibi ne a tsakiyar aikin.

Ronald Vale yana karatun digirin digirgir a Jami'ar Stanford lokacin da ya haɗa kai da Michael Sheetz don su gano abin da ke jan kaya a cikin jijiya. Sun zaɓi sukwid, wata halittar teku mai taushin jiki da hannuwa goma, saboda tana da jijiya mai kauri da ake iya gani da ido, har a matse abin da ke cikinta a kan gilashi. A 1983 ɗumamar ruwan teku ta sa sukwid ya yi wuya a gaɓar Kalifoniya, sai suka koma cibiyar binciken halittun ruwa da ke Woods Hole a jihar Massachusetts, inda suka yi aiki tare da Thomas Reese da Bruce Schnapp. Zaton farko shi ne mayosin da aktin ne ke wannan aiki, tunda su aka sani. Amma da aka haɗa madubin likita, mai girmama ƙananan abubuwa, da kyamarar bidiyo mai ƙara bambancin haske, dabarar da Robert Allen da Shinya Inoué suka fito da ita 'yan shekaru kafin nan, sai ya bayyana cewa a kan maikurotubul kayan suke tafiya. Daga nan Vale ya yi wani gwaji na tabbatarwa wanda bai sa ran ganin komai a cikinsa ba: ya zuba ruwan jijiyar da aka tace, babu kayan dakon a ciki, tare da maikurotubul da ATP. Sai ga bututun da kansu suna silalewa a kan gilashin. Ashe injin ya manne da gilashi, ƙafafunsa a sama, yana tura hanyar maimakon ya bi ta. Wannan ya ba su ma'aunin da suka bi har suka tsame furotin ɗin daga cikin ɗaruruwan da ke ruwan. Scott Brady ma ya cim masa a shekarar, ta nasa ɓangaren. Vale, wanda ya shiga Stanford da niyyar haɗa likitanci da bincike, bai koma ya ƙarasa karatun likita ba. A 2012 shi da Sheetz da James Spudich suka karɓi lambar yabo ta Lasker. Yau an san cewa mutum yana da nau'in kainesin kimanin 45.

Gano injin abu ɗaya ne, auna shi kuma wani abu ne dabam, kuma a nan mutanenku masu fiziks suka shigo. A 1986 Arthur Ashkin na ɗakin binciken Bell ya nuna cewa idan aka tattara hasken leza a wuri guda, yana iya riƙe ɗan ƙanƙanin ƙwallo a cikin ruwa, in an ja ƙwallon gefe hasken ya janyo shi baya da ƙarfin da ake iya lissafawa. Wannan ne ya kai shi ga kyautar Nobel a 2018 yana da shekara 96. A 1993 Karel Svoboda da Steven Block da abokan aikinsu suka manna kainesin guda ɗaya tak a jikin irin wannan ƙwallo, suka riƙe shi da haske, suka sauke shi a kan maikurotubul, sannan suka bi motsin ƙwallon. Layin da ya fito a allon kwamfuta hawa-hawa ya fito, kowane hawa nanomita 8, daidai da tsawon tubalin da aka gina bututun da shi. Taku 10,000 ke nan kafin ya ƙetare kaurin gashin kai guda. A 1997 aka tabbatar cewa kowane taku ATP ɗaya yake ci. Idan aka ci gaba da ƙara masa nauyi, yana cijewa ne a wajen fikonyuton 6, wani ɗan ƙanƙanin ma'aunin ƙarfi. Ki ninka 6 da 8, za ki samu kusan 48, alhali ATP ɗaya a cikin ƙwayar halitta yana ba da tsakanin 80 da 100 a wannan ma'auni. Wato idan yana jan iyakar abin da zai iya, kusan rabin makamashin da ya ci yake mayarwa aiki, abin da injin fetur na mota ba ya kaiwa.

An daɗe ana gardama a kan ko ƙafar baya tana tsallake ta gaba ne, ko kuwa ɗaya ce kullum a gaba ɗayar tana biye. Wanda ya taimaka aka kashe gardamar shi ne Ahmet Yildiz, ɗan ƙasar Turkiyya, wanda fiziks ya karanta a Jami'ar Boğaziçi ta Istanbul kafin ya je Jami'ar Illinois wajen Paul Selvin. Sun ɗaura ɗigon rini mai ƙyalli a ƙafa ɗaya kawai, suka ƙirƙiro hanyar tantance wurin da ɗigon yake da kuskuren da bai wuce nanomita ɗaya da ɗoriya ba. Da a ce ƙafafun jan juna suke yi, da ɗigon ya riƙa matsawa nanomita 8 a kowane taku. Abin da suka gani a 2004 shi ne tsalle na kusan ninki biyun haka, sai tsayawa, sai wani tsallen, wanda ke nufin ƙafafun karɓa-karɓa suke yi. Yildiz yanzu farfesa ne a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Svoboda da Block su ma da fiziks suka fara.

Game da aikin yau da kullum, kada bidiyon ya ruɗe ki. Ranakun da ake zama gaban leza ana kallon taku su ne 'yan kaɗan. Mafi yawan mako yana tafiya ne wajen renon ƙwayoyin bakteriya da aka dasa wa umarnin ƙera furotin ɗin, da fasa su, da tace ruwansu a cikin ɗakin sanyi mai maki 4, mutum yana sanye da rigar sanyi a tsakiyar bazara. Ɗan akwatin da ake gwajin a ciki da hannu ake haɗa shi, da fallen gilashi biyu da salatif mai manne ta fuska biyu, a bar siririyar hanya a tsakani wadda ɗigon ruwa kaɗan ke cikawa. Ana ajiye na'urar a kan tebur mai shawagi bisa iska, sau da yawa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, domin rufe ƙofa da ƙarfi ko wucewar babbar mota na iya girgiza ta fiye da tsawon takun da ake nema, shi ya sa da yawansu suka fi son aikin dare. Bayan an samu bayanan kuma sai a zauna rubuta manhaja da za ta bambance taku na gaskiya daga rawar da zafi ke sa ƙwallon yi. Furotin yana iya mutuwa ba tare da an san dalili ba, aikin wata guda ya tafi a banza.

Rashin bayoloji ba zai hana ki ba, domin ana koyonsa a hanya, kuma a ganina ya fi sauƙi mai fiziks ya koyi bayoloji a kan mai bayoloji ya koyi lissafin da ake bukata. Abin da yake kayar da masu fiziks a wannan fage shi ne raina aikin hannu, su ɗauka tace furotin aikin wani ne. Ki riƙe darasin fiziks na ƙididdiga da na haske da kyau, ki koyi rubuta manhaja da Python tun yanzu, in kuma tsarin karatunku ya ba da dama ki ɗauki kwas ɗaya na bayokemistiri. Vale ya kafa shafin iBiology a 2006, kuma laccocinsa a kan waɗannan injina suna nan kyauta. Bayan digiri, cibiyar binciken fiziks ta ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 tana da shirin difloma na shekara ɗaya ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa, cibiyoyin AIMS da ke Afirka ta Kudu da Ghana da Senegal da Kamaru da Ruwanda suna ba da digiri na biyu a fannonin lissafi tare da ɗaukar nauyi, ƙungiyar OWSD kuma mata masu kimiyya kaɗai take tallafa wa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne, kuma burina ɗana ya zama likita. Ya karanta bayokemistiri, yanzu kuma ya samu gurbin digirin digirgir a Jamus, ya ce zai binciki wasu injina da ke cikin tsoka waɗanda ko a madubin asibiti ba a gani. Ni dai ban ga wanda wannan zai warkar ba, ban kuma ga inda zai samu abinci ba. Ina neman shawara kafin in sa albarka. Daga wani uba, Maraɗi.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Tambayoyinka biyu ne, kuma ta farkon ta fi sauƙin amsawa.

Akwai wata cutar zuciya ta gado wadda bangon zuciya yake yin kauri fiye da kima, tana samun kusan mutum ɗaya a cikin 500, kuma tana daga cikin abubuwan da ke sa matashi mai ƙarfi ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa. A 1990 ɗakin binciken Christine Seidman da mijinta Jonathan Seidman a Harvard ya gano cewa a wasu iyalai, canjin harafi ɗaya ne a umarnin ƙera mayosin na zuciya yake jawo ta. Amma sanin inda matsalar take bai isa a yi magani ba, sai an san abin da canjin yake yi wa injin. James Spudich ya shafe shekaru yana gina hanyoyin auna wannan. A 1983 shi da Sheetz sun ga ƙwallayen da aka shafa wa mayosin suna tafiya a kan zaren aktin, a 1994 kuma ɗakin bincikensa ya auna bugun mayosin guda ɗaya. Da aka yi amfani da irin waɗannan ma'aunai, sai aka fahimci cewa a zuciyar masu cutar injinan da ke aiki a lokaci guda sun yi yawa, zuciyar tana matsawa fiye da bukata, ba ta kuma saki yadda ya kamata. A 2012 Spudich da Seidman biyun da Leslie Leinwand suka kafa kamfanin MyoKardia don neman sinadarin da zai rage wa injin zafi. A 2020 kamfanin Bristol Myers Squibb ya saye shi a kan dala biliyan 13.1, a 2022 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin, mavacamten. Ka lura da tazarar: shekara 39 tsakanin ƙwallayen farko da ƙwayar magani.

Misali na biyu ya fi kusa da mu. A cikin kusan kowace halitta akwai wani injin mai juyawa wanda shi ke ƙera ATP, kuma jikin mutum yana ƙera abin da ya kai kusan nauyinsa na wannan sinadari a kowace rana, yana kashewa yana sake ƙerawa. Paul Boyer ya daɗe yana cewa injin juyawa yake yi, mutane da yawa ba su gamsu ba, sai a 1997 da Hiroyuki Noji da Masasuke Yoshida da Kazuhiko Kinosita da abokan aikinsu a Japan suka ɗaura zaren aktin mai ƙyalli a kan sandar tsakiyarsa, aka ga zaren yana kewayawa a bidiyo. A shekarar Boyer da John Walker suka samu Nobel. Bedaquiline, maganin da aka amince da shi a ƙarshen 2012 wanda yanzu ake ba masu tarin fuka mai bijire wa magani, aikinsa shi ne ya cije wannan injin a cikin ƙwayar cutar har ta rasa makamashi. Ba kowane yunƙuri ne yake kaiwa haka ba. An zuba kuɗi mai yawa wajen neman maganin daji ta hanyar tsayar da wani kainesin da ke taimakawa wajen rabuwar ƙwayar halitta, aka gwada a kan marasa lafiya, sakamakon bai kai abin da aka sa rai ba.

Batun abinci kuwa, ga yadda hanyar take. A Jamus mai digirin digirgir a irin wannan fanni yawanci ba ya biyan kuɗin makaranta, biyansa ma ake yi duk wata, abin da zai riƙe kansa har ya ɗan yi aike gida, amma ba na tara dukiya ba. Karatun yana ɗaukar shekara uku zuwa biyar. Bayansa, mai son zama shugaban ɗakin bincike sai ya sake yin wasu shekaru yana aiki a ƙarƙashin wani, da kwantiragi mai wa'adi, sau da yawa a wata ƙasar dabam, kuma kujerun farfesa ba su kai yawan masu nemansu ba ko kusa. Wanda ya samu kujerar ma rabin lokacinsa a rubuta takardun neman tallafin bincike yake tafiya. Wannan shi ne ɓangaren da yake da wahala, musamman ga mai iyali. Sai dai mafi yawan waɗanda suka bar jami'a ba zaman banza suke yi ba, domin kamfanonin magunguna da masu ƙera na'urorin hangen ƙananan abubuwa da masu sarrafa bayanai suna neman mutumin da ya iya tace furotin, ya iya haɗa na'ura, ya kuma iya lissafi, kuma albashinsu ya fi na jami'a.

Shawarata ita ce ka sa masa albarka, amma ka tambaye shi abu biyu kafin ya tafi: shekara nawa aka rubuta a takardar cewa za a biya shi, kuma ina ɗaliban da suka gama a hannun malamin nasa suke a yanzu. Amsar tambaya ta biyu tana nuna halin malamin fiye da sunan jami'ar, kuma a wannan karatu malami guda ne yake riƙe da ɗalibi daga farko har ƙarshe.

Tambaya: Ina aiki a wani ƙaramin asibitin karkara. An koya mana cewa wanda mahaukacin kare ya ciza a fuska yana saurin nuna alamun cutar fiye da wanda aka ciza a ƙafa. Ko wannan yana da alaƙa da injinan da ke dako a cikin jijiya? Daga wani ma'aikacin lafiya, Gusau.

Amsa: Yana da alaƙa, Malam. Ƙwayar cutar haukan kare ba ta jini take bi zuwa ƙwaƙwalwa ba. Tana shiga bakin jijiya a wurin cizon, ta samu shiga cikin ƙunshin da dainin yake ɗauka zuwa tsakiya, ya kai ta laka, daga nan ta haura. Idan cizon yana kusa da kai, tafiyar gajeriya ce, ga kuma yawan jijiyoyi a fuska. Alamu sukan bayyana bayan wata biyu zuwa uku, amma suna iya zuwa cikin mako guda ko su kai shekara. Wannan tazara ita ce damar da ake da ita, shi ya sa ake wanke ciwon da sabulu da ruwa na minti 15, a fara allurar rigakafi a ranar ba tare da jiran ganin alama ba, domin da zarar alamu sun fito, da wuya ƙwarai a tsira. Dafin tetanus ma ta irin wannan hanya yake bi zuwa laka.

Tambaya: Ni malami ne a wata jami'ar jiha. Duk abin da ake faɗa a kan wannan fanni a Amurka da Turai da Japan ake yin sa. Da irin wutar lantarkinmu da kuɗin bincikenmu, akwai abin da mutum zai iya taɓawa daga nan gida, ko sai dai mu karanta mu koyar? Daga wani malami, Gombe.

Amsa: Malam, ba zan ce maka a kafa na'urar riƙe ƙwallo da leza a inda wuta ke ɗaukewa sau da yawa a yini ba. Kafin ma a kai ga na'urar, furotin ɗin yana bukatar firiza mai sanyin maki 80 ƙasa da sifili wadda ba ta tsayawa, kuma dare ɗaya na rashin wuta ya isa ya lalata abin da aka tara a shekara. Duk wanda zai fara, da hasken rana da batura zai fara, kafin ya yi maganar madubi.

Amma wani babban yanki na wannan fanni a kwamfuta ake yin sa. Siffofin kainesin da mayosin da dainin, har matsayin kowane atam a cikinsu, suna cikin taskar Protein Data Bank da aka kafa a 1971, kowa yana iya saukewa kyauta. Manhajar GROMACS da ake kwaikwayon motsin furotin da ita kyauta ce, haka Fiji da ake auna hotunan madubi da ita. Ƙirar lissafi ta yadda injina da yawa suke ja-in-ja a kan kaya ɗaya, wasu suna gaba wasu suna baya, ba ta bukatar fiye da kwamfutar cinya da kai mai aiki. Ta ɓangaren horo kuma, akwai cibiyar WACCBIP a Jami'ar Ghana da ke Legon mai binciken ƙwayoyin cututtuka, akwai shirin horar da masu aiki da madubi na Afirka da ke Jami'ar Cape Town, nan kusa da kai kuma akwai cibiyar binciken kimiyyar lafiya ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, wadda Dokta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne zaɓen tambaya. Babu hikima mutum ya shiga gasa da ɗakunan bincike na Stanford a kan kainesin na mutum, wanda aka shafe shekara 40 ana aunawa. Injinan ƙwayoyin cututtukan da ke damunmu su ne ba a gama sani ba. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana da nata mayosin, mai suna mayosin A, wanda da shi take silalewa a cikin fata bayan sauro ya zuba ta, da shi kuma take kutsawa cikin jajayen ƙwayoyin jini. Ya bambanta da namu ta yadda ake fatan samun sinadarin da zai tsayar da shi bai taɓa na zuciya ba, kuma sai a 2019 ne ɗakunan binciken Anne Houdusse a Paris da Kathleen Trybus a Vermont da Jake Baum a Landan suka fitar da siffarsa. Najeriya kaɗai tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya. Haka ƙwayar da ke jawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu, da wutsiya take iyo a cikin jini, dainin ne kuma yake kaɗa wutsiyar, kuma gwaje-gwaje sun nuna cewa nau'inta da ke zaune a jini ba ya rayuwa idan aka lalata aikin wutsiyar. Muna da cibiyar binciken wannan cuta a Kaduna tun zamanin mulkin mallaka. Masu manyan na'urori a waje galibi da ƙwayoyin da aka daɗe ana reno a kwalba suke aiki, alhali nau'o'in da ke yawo a jinin marasa lafiya da na dabbobi a nan suke. Wanda ya iya tattara su bisa ƙa'ida, da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ya karanta bambancin da ke cikin umarnin ƙera injinansu, yana da abin da zai shiga haɗin gwiwa da shi. Ka tabbatar tun kafin samfuri ya bar ƙasar an rubuta a yarjejeniya cewa ɗalibinka zai bi shi ya yi awon da hannunsa, kuma tsarin tallafin TETFund na horar da malaman manyan makarantu yana daga cikin inda za ka nemi kuɗin wannan tafiya.